Biki a ƙauye, kwana a ina? Jidalin neman masauki a Jos da kewaye

Da misalin ƙarfe biyar na yammacin Juma'a a watan Disamba, shataletalen Mararrabar Jama'a da ke kudu da Bukuru kan cika da wasu motoci da ba sai an tambayi abin da ya fito da su ba. Bas ce maƙare da mata, kuloli a ɗaure a baya, katifar amarya a naɗe a sama, yara sun ɓingire da barci a cinyar iyayensu.

A nan hanya take rabuwa. Hannu ɗaya ya yi Riyom da Hawan Kibo har Akwanga, ɗayan ya yi Heipang da Barikin Ladi da Mangu da Pankshin. A nan ne kuma direba kan rage gudu, ya waiwayo ya yi tambayar da kowa ke ta kauce wa tun daga Kano ko Zariya: mu wuce ne, ko mu koma cikin gari mu kwana?

Sai a hau kiran waya. Uwar biki ba ta ɗauka, hidima ta sha kanta. Babban abokin ango ya ɗauka, amsarsa ita ce wadda kowa ya haddace: ku dai taho, ba za a rasa wuri ba. Rana kuwa ba ta jiran shawara. A wannan lokaci na shekara, shida da 'yan mintoci ta faɗi.

An fitar da anko tun wata biyu da suka wuce. An kama mai kanofi da mai kiɗa da mai hoto, an sayi buhunan shinkafa. Abu ɗaya ne ba a ɗora wa kowa ba: inda mutum 30 da aka gayyato daga nesa za su sa haƙarƙarinsu.

Da can ba a wannan tambaya

Ƙasar Filato ta daɗe da sanin baƙo. Tun farkon ƙarni na 20 da Turawa suka buɗe haƙar kuza, mutane suka yi ta kwararowa daga Kano da Katsina da Bauchi da Barno da kudancin ƙasar nan. Garuruwa irin su Bisichi da Dorowa Babuje da Gana Ropp da Gindin Akwati duk a kan kuza suka tashi. Jikokin waɗancan ma'aikata suna nan, wasu a ƙauyukan, wasu sun dawo Jos, wasu sun koma garuruwan kakanninsu, aure kuma bai daina ƙulla su ba.

Haka 'yan ƙasa. Ɗan Berom ko Mwaghavul ko Ngas ko Tarok na iya yin shekara 20 yana aiki a Abuja ko Legas, amma in aure ya tashi gida ake komawa, a majami'ar da aka yi masa baftisma. Abokan aikinsa kuma su biyo shi.

A tsarin da aka gada, masauki ba abin saye ba ne. Fatake na da zango da fatoma, 'yan biki na da maƙwabta. Kwana biyu kafin taro mai gida zai zagaya unguwa, wannan ya ba da zaure, wancan ya ba da ɗakin samarinsa, matar wane ta kwashe 'ya'yanta ta koma ɗakin kishiya. Maza a masallaci ko shago, mata a cikin gida, a baje tabarmi. A ɓangaren Kirista 'yan Zumuntar Mata ne kan raba baƙi gida-gida, wani lokaci har gidan fasto. Baƙonka annabinka, ba wanda ke kawo zancen kuɗi.

Masaukin kuɗi ya zo ne ta wata ƙofa daban, kuma ba don 'yan biki aka gina shi ba. Otal ɗin Hill Station da ke Jos, tun ƙarshen shekarun 1930, na Turawan mulki da na kamfanonin kuza ne masu gudun zafin Kano da Kaduna. Gidan hutun Miango, wanda 'yan mishan na SIM suka kafa fiye da shekara 100 da suka wuce, shi ma don ma'aikatansu su huta aka yi shi. Har yau akasarin ɗakunan haya na jihar suna tattare ne a tsakanin Jos da Bukuru, sauran ƙananan hukumomin, cikin 17 da jihar ke da su, sai ɗai-ɗai.

Abin da ya karya tsohon tsari

Tsarin maƙwabta bai mutu ba, ya dai gaji. Gayyar da a da ta tsaya kan dangi da 'yan unguwa, yanzu kati ɗaya a WhatsApp kan kai ga mutum ɗari biyar. Bikin ma ya miƙe. A gidan Musulmi akwai sa lalle da kamu da ɗaurin aure da walima da kai amarya da buɗar kai. A gidan Kirista akwai taron sallamar amarya a tsakiyar mako, da al'adar gargajiya, sannan ɗaurin aure a majami'a ranar Asabar, da godiya ranar Lahadi. Baƙon da ke kwana ɗaya ya koma yana kwana uku.

Baƙin su ma sun sauya. Matar da ta taso a gida mai bayi a cikin ɗaki ba za ta yarda ta bi layin masai da asuba da buta a hannu ba, kuma ba girman kai ba ne kawai. Akwai mai ciwon suga da ke tashi sau uku cikin dare. Akwai mai jego. Akwai tsohon da gwiwarsa ba ta barinsa tsugunno.

Sai talauci. Saukar da baƙo na nufin ciyar da shi, da dafa masa ruwan wanka, da ba shi bargon da kai ma kake bukata. Maƙwabcin da ke auna masara da gwangwani ba zai ce a'a ba, kunya ba za ta bar shi ba, amma kowa ya san nauyin da aka aza masa.

A wasu ƙauyukan Bokkos da Mangu da Barikin Ladi da Riyom da Bassa kuwa, ɗakunan da ake ba baƙi a da yanzu 'yan uwan da hare-hare suka kora daga gidajensu ne a ciki. Bayan harin jajibirin Kirsimeti na 2023 kaɗai, wanda ya ci rayuka fiye da 100 a Bokkos da Barikin Ladi, dubban mutane ne suka rasa matsuguni.

Lissafin da ke yaudarar mutane

Wanda bai san Filato ba yakan duba taswira ya ce ai sai mu sauka a Jos, da safe mu ƙarasa. In bikin a Vom ne ko Kuru ko Zawan ko Miango, wannan shawara ce mai kyau, tafiyar ba ta cika kai sa'a ɗaya ba. Amma Mangu da Bokkos kowanne na wajen kilomita 80 daga Jos. Pankshin ta haura 100. Langtang da Shendam da Wase kuwa tafiyar sa'a uku zuwa huɗu ce. Wannan zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma ke nan, kafin a sauka daga kwalta a kama burji zuwa ƙauyen da ake bikin.

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta yi ta hawa har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Saboda haka ɗakin da ya yi kama da araha a Jos, in aka haɗa da zuwa da dawowa sau biyu ko uku, da kuɗin kwanan direba, yakan fi wanda aka gudu daga gare shi tsada.

Otal ɗin ma ba araha ba ne ga ayari. A ɗauki misali kawai: mutum 30, biyu-biyu a ɗaki, ɗaki 15 ke nan. A ce an samu kowanne a naira 20,000, kwana biyu ya tashi 600,000. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Wato kwanan mota ɗaya ya cinye albashin fiye da wata takwas, ba a ci ba a sha ba.

Shi ya sa ake kama ɗaki ɗaya a cusa mutum shida, a shigo da su ɗaya bayan ɗaya bayan mai karɓar baƙi ya kau da kai. Shi ya sa kuma da safe ake ta da jijiyar wuya a bakin kanta.

Masu otal ma suna kuka

Masu wannan sana'a suna da nasu ƙorafin, kuma ba duka ne son zuciya ba. Abin da ya fi cin kuɗinsu wuta ce. A Afrilun 2024 aka ninka kuɗin lantarki fiye da sau uku ga waɗanda ke rukunin farko na masu samun wuta, wanda ba ya cikin rukunin kuma dizal ko fetur ke cinye ribarsa. Ga harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari, ga na jiha da na ƙaramar hukuma. A Jos kuma kowane baƙo ruwan zafi yake so, hita kuwa ba ta wasa da wuta.

Mai ƙaramin masauki a Mangu ko Pankshin zai ce maka ɗakunansa a rufe suke yini daga Litinin zuwa Alhamis, wata da watanni. Disamba da Ista da ranakun bukukuwan gargajiya irin su Puus Kaat da Pusdung su ne kakarsa, da su yake biyan bashin shekara. To, don me ba zai ƙara kuɗi ba?

Hujja ce, amma ba ta wanke wata ɗabi'a da 'yan biki ke yawan kuka da ita ba: a karɓi kafin alƙalaminka tun mako biyu, ka iso da dare a ce an ba wani da ya biya fiye da kai. Ko a nuna maka hoton ɗaki mai kyau a waya, ka tarar da famfo a bushe da zanin gado da bai ga ruwa ba. Ko inji ya yi aiki daga bakwai zuwa goma, a kashe, alhali ba a faɗa maka ba.

Shafukan kama ɗaki irin su Booking.com da Hotels.ng suna da amfani a cikin Jos, haka gidajen haya na 'yan kwanaki da suka yawaita a wajajen Rayfield, waɗanda in iyali ɗaya suka haɗa kuɗi sukan fi otal sauƙi, tunda ga kicin ga falo a baje katifu. Amma da ka wuce Heipang, taswirar intanet ta zama fili. Mafi yawan masaukan ƙananan garuruwa ba su da shafi. Wannan giɓi ne 'yan damfara ke shiga ta Facebook, su liƙa hotunan aro, su turo lambar asusu. Maganin dai tsoho ne: a tura ɗan gari ya je da ƙafarsa, ya murɗa famfo, ya ɗaga katifa, ya karɓo rasiɗi mai ɗauke da lambar ɗaki da rana.

Gadon da mishan ta bari

Akwai wata taska da baƙi da yawa, musamman Musulmi daga can arewa, ba su cika tunawa da ita ba. Jos ce hedikwatar ECWA da COCIN da TEKAN, kuma manyan ɗarikun nan da cocin Katolika suna da gidajen saukar baƙi da wuraren taro. A wajen gari ma akwai tsofaffin cibiyoyi: Miango, da Gindiri inda mishan ta SUM ta kafa makarantu tun shekarun 1930, da Vom mai asibitin mishan da cibiyar binciken lafiyar dabbobi da aka kafa a 1924.

Irin waɗannan wurare galibi sun fi otal sauƙin kuɗi da tsafta da natsuwa, wasu ma suna da manyan ɗakuna masu gadaje da yawa, waɗanda su ne ainihin bukatar ayarin biki. Sharuɗɗansu ne sai an daure: ba giya, ba kiɗan dare, ƙofa na rufuwa da wuri, kuma tarukan ekklesiya kan cika su a Disamba, don haka sai an nema da wuri.

Garuruwan da ke da manyan makarantu su ma sun fi samun ƙananan masaukai: Bokkos mai jami'ar jiha, Pankshin da Gindiri masu makarantun horar da malamai, Barikin Ladi mai kwalejin kimiyya da fasaha. Wasu iyalai kuma kan roƙi aji biyu a firamare ko Islamiyya lokacin hutu, su share, su yi hayar katifu, su ajiye duro biyu na ruwa da injin wuta. Ba ƙawa, amma tazararsa da gidan biki taku kaɗan ne, kuma wannan ya fi komai daraja idan dare ya yi.

Bargo a tudu, gidan sauro a gangare

Jos na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, wasu sassan Bokkos da Pankshin ma sun fi haka. A Disamba da Janairu ma'aunin zafi kan sauka wajen digiri 11 da dare, wani lokaci ƙasa da haka. Bakano ya san hunturu, amma bai san irin wanda ke ratso siminti ya shiga ƙashi ba. A nan mai neman ɗaki ba ruwansa da na'urar sanyaya ɗaki. Tambayarsa ita ce akwai ruwan zafi, akwai bargo, taga na rufuwa?

Sanyin nan yana jawo wani ganganci da ya kamata a faɗa da babbar murya. Mutane kan shigo da kaskon gawayi ɗaki su rufe ƙofa da taga, ko a ajiye janareta a baranda dab da inda ake barci. Iskar da ke fita daga garwashi da inji ba ta da launi, ana iya shaƙarta cikin barci ba a farka ba. Ɗakin da aka cusa mutum goma ya fi kowanne shiga wannan haɗari.

Da an gangara Langtang ko Shendam ko Wase, labari ya juya. Can zafi ne da sauro, abin nema fanka ce da gidan sauro. Da damina kuma, daga Afrilu zuwa Oktoba, musamman Yuli da Agusta, hanyoyin gonakin dankali kan zama laka, rafin da aka tsallaka da safe ya cika da yamma.

Tambayar da ba a yi a bainar jama'a

Akwai abin da kowane mazaunin Jos ya sani, baƙo kuma sai an raɗa masa. Tun rikicin Satumban 2001, da na 2008 da na 2010, garin ya rarrabu. Musulmi sun tattaru a Unguwar Rogo da Gangare da Dilimi da Rikkos da hanyar Bauchi, Kirista a Unguwar Rukuba da Kabong da Tudun Wada da Hwolshe da sauransu. Akwai unguwannin da har yanzu ake cakuɗe, kuma a ranakun lafiya mutane na shiga ko'ina su yi ciniki su fito. Amma idan aka zo maganar kwana, mai masaukinka zai tambayi unguwar kafin ya tambayi kuɗin.

Abin takaici ne a ce garin da ake yi wa kirari da gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido ya kai haka. Ɓoye wa baƙo wannan gaskiyar kuwa ba karamci ba ne.

Babban haɗarin ma yana kan hanya. A ranar 20 ga Yunin 2025 wata bas ɗauke da 'yan biki daga Basawa ta Zariya, masu zuwa ɗaurin aure a ƙaramar hukumar Qua'an Pan, ta ɓace hanya ta faɗa Mangun a ƙaramar hukumar Mangu, yankin da ke cikin zaman ɗar-ɗar saboda hare-hare. Wasu gungun mutane suka far musu, suka kashe fiye da mutum goma, suka ƙone motar. Gwamna Caleb Mutfwang ya yi Allah wadai, an kuma kama mutane. Laifin na waɗanda suka yi kisan ne, ba na matafiyan ba. Sai dai tun daga ranar, duk mai aurar da ɗa a Filato ya san cewa aika wa baƙo sunan ƙauye kawai a kati bai wadatar ba.

Ƙasar da aka yi wannan ta'asa ita ce kuma ƙasar Liman Abdullahi Abubakar na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, wanda a Yunin 2018 ya ɓoye Kirista fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su. Gwamnatin Amurka ta karrama shi a 2019. Mutanen da ke buɗe ƙofa suna nan, kuma su ne suka fi yawa. Amma baƙo ba ya sanin ƙofar da zai ƙwanƙwasa sai an nuna masa.

Ko a cikin gari zirga-zirgar dare ba ta da daɗi. An hana acaɓa a Jos da Bukuru, keke napep ma yana da lokacin tashi, ga shingayen jami'an tsaro a manyan hanyoyi. Wanda ya tsara cewa zai tashi daga liyafa a Mangu ƙarfe tara na dare ya koma otal a Jos, bai yi tsari ba.

Nauyin wa?

Ra'ayi ya rabu. Dattawa da yawa na ganin abin kunya ne ka gayyaci mutum ya biya kuɗin makwancinsa, ko da za a ci bashi. Matasa kuma, musamman ma'aikata, sun fi son a faɗa musu gaskiya: ga masaukai uku, ga kuɗin kowanne, ga nisansa, kowa ya zaɓi daidai aljihunsa. Malamai da fastoci sun daɗe suna wa'azin a rage gayya da bidi'o'in biki, ana sauraronsu ana gyaɗa kai, ana kuma ƙara kwanaki.

A ganina duka ɓangarorin biyu suna kewaye wuri ɗaya. Matsalar ba wanda zai biya ba ce, rashin wanda zai ɗauki alhaki ce. Kwamitin biki kan naɗa mai kula da abinci da mai kula da anko da mai karɓar gudummawa, amma da wuya ka ji an ce wane shi ne mai masauki, ga lambarsa. Kuɗin da ake zubawa a kayan rabo na roba da jakunkuna masu hoton ango da amarya, waɗanda rabinsu a mota ake mantawa da su, ya isa hayar katifu 20 da bargunansu.

Iyalan da suka iya abin ba wani sihiri suke yi ba. Suna rarrabe baƙi tun wata guda kafin rana. Tsofaffi da masu jego da marasa lafiya su ake fara ba ɗakuna masu bayi a gidajen dangi mafi kusa. 'Yan kai amarya, waɗanda dole su kwana, a ware musu wuri ɗaya mai ƙofa. Samari a aji ko zaure. Masu hali a ba su sunan masaukin da ɗan gida ya duba da idonsa a hedikwatar ƙaramar hukuma. Waɗanda suka sauka a filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang ko suka iso Jos bayan la'asar, su kwana a gari, da safe a haɗa su a mota ɗaya.

Sannan a sanar da mai unguwa ko dagaci da 'yan sintiri cewa baƙi na tafe, mota kaza, rana kaza. A tura yaro ɗan gari ya tare su a Mararrabar Jama'a ko Mangu ko Panyam, ya shiga gaban mota ya zauna kusa da direba. A gaya musu su riƙo tsabar kuɗi, don sabis kan ɗauke a tsakanin duwatsu, mai POS kuma kan tashi da magariba. A matso da liyafa ta ƙare ƙarfe huɗu, yadda mai komawa Jos zai shiga gari da sauran haske, wanda bai samu tashi a lokacin ba kuma a riga an san ɗakin da zai kwana.